Fitilar da Ke Cikin Waƙar Nischal

Ranar Asabar ce, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fake a rumfar mai shayi a tashar motar Pokhara ta ƙasar Nepal, kusa da wani dattijo da wani saurayi mai riga da hoton 'yan kiɗan jita.

"Samari, ka san waƙoƙin yaran nan na rigarka?" in ji dattijon.

"Ko daga barci ka tashe ni, Baba! Kai ma kana jin hayaniyarmu?"

"Kunne ya saba. Inda mawaƙinsu Nischal ke cewa an bar masa fitila tana ci amma tsani ya karye, me yake nufi?"

"Gwamnati mana. Fitilar alkawari ce, tsanin kuma aikin yi."

"Ba fitilar gida ba?"

Saurayin ya tuntsire da dariya. "Haba Baba! Irinsu ba sa waƙar gida."

"Tsaninmu na gora ne. Da shi yarona Nischal yake hawa saman ɗaki da jitarsa don kada in ji. Ni na sassare tsanin."

Dattijon ya ci gaba.

"Uwarsa ce ke barin fitilar. Gaya mini, ɗana, mai irin wannan waƙa zagi yake yi, ko gida yake so?"

"A ƙarshe dai ya ce har yanzu yana hango ta."

"Hange kawai? Bai ce zai zo ba?"

"Bai ce ba, Baba."

Motar ƙauyen su dattijon ta cika ta tashi, shi kuwa bai motsa ba. Ya rasa mota ɗaya. Saurayin kuwa ya rasa waƙar da yake tsammanin tasa ce.