Dalbejiyar Ƙofar Gida

A kasuwar unguwar Mayo, wata budurwa da yaƙi ya kora zuwa Ruwanda ta dawo gida, tana hira da wani tsoho mai gawayi.

"'Yata, wai can tsaunuka duk bishiyoyi ne? Su ba sa girki?"

"Suna yi, Baba, amma suna dasa wasu. Saiwoyin ne ke riƙe ƙasa. In babu su, damina sai ta zubo tsauni kan gidaje."

"Ikon Allah! Bishiya da aikin gadi!"

Ta waiwaiga. "Baba, ina layin nan mai ƙatuwar dalbejiya? Da ita nake gane gidanmu."

Tsohon ya daina dariya.

"Ita ta dafa wa unguwa abinci da gas ya yanke. Taho in nuna miki kututturen."