Tsohon da Ke Jiran Matarsa

Ina zaune a layin ganin likita, ni da tumbina da hawan jinina. Wani tsoho a gefe sai tambayar ɗansa yake yi, "Ina uwarku?" Ɗan kuma ya ce, "Tana hanya, Baba."

Can wani mai baƙin kwat ya ƙosa, ya juya ga ɗan. "Malam, kana da haƙuri. Mu lauyoyi da Latin muke kiran wannan, ad nauseam, wato a yi ta nanata magana har zuciyar mutum ta tashi."

Ɗan ya ce, "Yallaɓai, tawa tuni ta tashi, ta gaji, ta koma ta kwanta."

"To kira uwar taku a waya mana, kowa ya huta!"

"Bara ta rasu. Duk sanda na gaya masa, sabon kuka yake yi. Ni kuwa na gaji da binne ta kullum."