Ɗorawar da ke tsakiyar gonata ba tawa ba ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sabi'u daga Lausu. A yi haƙuri da rubutuna, firamare kawai na yi.

A birni na tashi, bara na dawo ƙauye zan noma gonar da na gada. Akwai wata ƙatuwar ɗorawa a tsakiyarta, inuwarta ta hana dawa yi. Wani mai gawayi ya ce in sare, zai saya. Na ɗaga gatari ke nan, sai ga wata tsohuwa, Iya Abu, ta zo ta zauna a gindin bishiyar. Ta ce, "Ɗan nan, fara da ni."

Na ce, "Iya, ai gonata ce!"

Ta ce, "Gona taka, ɗorawa tawa. Kakanka ya ba ni, tun ubanka bai yi kaciya ba."

Na tafi wurin mai unguwa da ƙarfina, ina cewa ai yanzu Shari'a ake yi. Ya yi dariya, ya ce Shari'ar ma ta san kyauta. Wai a nan ana mallakar bishiya a gonar wani. Ashe da kalwarta Iya ke yin daddawa tana ciyar da jikoki marayu.

Wallahi ba zan sare ta ba, na gama magana. Amma damina ta matso, ni ma abinci nake nema. Don Allah manoma masu sauraro, me ake shukawa a inuwar ɗorawa ya yi?