Dokar Duba Nama

A tashar jirgin ƙasa ta Chicago, cikin bazarar 1906, Ignac Dombek, mai aikin fiɗa a mayanka, yana jiran jirgi. Wata dattijuwa da ke gefensa ta ninke jarida.

"Bawan Allah, ka ji labari? Shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar nama. Daga yanzu sai gwamnati ta duba nama kafin a sayar."

"Na ji, Inna."

"Shi ne ba ka murna? Ni tuni na hana jikokina naman gwangwani. An ce har ɓeraye ake niƙawa ciki!"

"Ana niƙawa mana. Shekarata tara a wurin."

Ta ɗan matsa gefe. "To, ai yanzu za a gyara muku."

"Naman za a gyara wa. Tun kafin dokar masu dubawa sun zo, kowace saniya sai da suka leƙa har huhunta."

"Madalla!"

Ignac ya zaro hannunsa daga aljihu. Yatsu biyu suka rage.

"Da wannan na riƙe musu huhun. Ba wanda ya tambayi ina sauran yatsun."

"Ina sauran?"

"Injin niƙa ya cinye, bara. Ranar ko tsayar da shi ba a yi ba."