Saginbek da Muryoyin Akwatuna Talatin da Uku

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya ara mana Saginbek shekara sittin da huɗu, ya kuma karɓi abinsa.

Mai girma shugaban gunduma, malam liman, dattawanmu masu farin gemu, shugabar gidan al'adu, ina gaishe ku. Burulkan-jenge, matar yayana, ina gaishe ki da haƙuri. Seyil da Mederbek, 'ya'yansa kuma 'ya'yanmu, sannunku. Makaɗan da suka tsallako duwatsu daga Kochkor da At-Bashi da Bishkek don wannan taro na kwana arba'in, sannunku da hanya.

Sunana Turusbek. Ni ne mai kaɗa gita a ƙungiyar da marigayi yake riƙe da bes, wato gitar nan mai kaurin murya. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a hagunsa. An ce in yi magana a madadin mu duka, zan kuwa faɗi abin da idona ya gani.

Ya kasance mutum mai kunne. Mu muna jin waƙa, shi yana jin katakon da waƙar ta fito daga ciki. Lokacin da aka rufe gidan silima na garin nan, aka ba shi sifika huɗu a madadin aikin da ya yi musu. Ya shafa wa kowace tambarin dawakin gidansu da koren fenti, ya soma haɗa musu akwati da katakon goro. Kafin ya gama, ɗaya ta ɓace daga rumfarsa. Ya zargi abokinsa Esenali, wanda a lokacin babu mai taɓa gita kamarsa a kwarin nan. Esenali ya rantse, suka yi baram-baram, shekara ashirin da shida ko gaisuwa babu. Akwatin ya tashi da sifika uku da rami ɗaya da aka toshe da allo. Muka sa masa suna Bijimi, saboda nauyinsa da kuma rurinsa.

Wane ne a nan bai yi rawa da muryar Bijimi ba? Wace amarya ce aka kai a kwarin nan ba da shi ba? Ni ne nake kama ɗaya gefen in za a ɗora shi a mota, kuma bayana shaida ne.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya hana Saginbek ɗaga duk abin da ya fi butar shayi nauyi. Ni kaɗai ba zan iya ba, samarin da muke roƙo kuma sun tafi neman aiki. Muka je wani biki babu akwati ko ɗaya, muka soka wayoyinmu kai tsaye cikin teburin haɗa sauti na zauren. Gitata ta fito kamar an tsokani gidan rina. Bes ɗinsa kuwa sai ka ce ana dukan busasshen allo. Wata tsohuwa ta zo har gabanmu ta ce, "'Ya'yana, in ba ku da lafiya ne ku zauna ku ci nama, ba dole." A hanya Saginbek ya ce mini, "Turus, mun gama. Mu sayar da kayan."

Seyil, ke ce kika hana. Kin aiko masa da wata 'yar feda daga Koriya, wadda ake takawa da ƙafa, ba ta kai tafin hannu biyu ba. Aikinta ta kwaikwayi muryar akwatin sifika, ta yadda gita za ta shiga teburin sauti ko abin sa wa kunne, amma ta fito kamar ta bi ta cikin katako da iska. Ba ki ga yadda ya karɓe ta ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Yarinyar nan gwangwanin kifi ta aiko wa ubanta." Wata guda tana kan taga, jenge tana danne takardu da ita.

Ya kasance mutum mai taurin kai, amma ba ya jin kunyar koyo. Ranar da ya gano cewa ba muryoyin da aka zuba mata kaɗai take iyawa ba, ana iya ɗauko muryar kowane akwati a zuba mata, ranar ya sa tabarau ya zauna. Ya ari kwamfutar Mederbek. Ya kafa makirfo yatsu huɗu daga takardar da take fuskar sifikar Bijimi, wadda take motsi ta fitar da sauti, ya saki wani sauti da yake tasowa daga can ƙasa, inda sai a ƙirji ake jin sa, yana hawa yana hawa har ya zama siriri kamar kukan sauro. Daƙiƙa goma sha biyu. Ya maimaita sau ba adadi, yana matsar da makirfon da faɗin farce.

Sai ya kira ni. Ya rataye dardumar gashi a tsakiyar ɗaki, ya shige bayanta, ya kaɗa sau biyu, ya ce in faɗi wanne ne Bijimi. Na ce, "Baike, yayana, shekara nawa ina ɗaukar dabbar nan? Na biyun ne, ko a kabari na san shi." Ya yaye dardumar. Na biyun fedar ce, ta cikin sifikar zaure da ya aro. Ya ce, "Ashe duk shekarun nan da bayanka kake saurare." Na zauna a ƙasa. Abin da maza biyu suke nishi kafin su ɗaga, ga shi a cikin aljihun kwat. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take.

Ya kasance mai raba abin da ya sani. Matasan da ke zaune can baya, ku faɗi in ƙarya nake. Wa ya koya muku a sa fedar nan a ƙarshe, bayan duk sauran fedoji? Wa ya hana ku soka mata wayar da take fita daga amfilifaya zuwa sifika, ya ce wutar za ta ƙona ta? Wa ya ce in za ku bi ta akwati na gaske ku kashe ta, don murya a kan murya kamar magana ce ta cikin bargo? Masu bes, wa ya nuna muku yadda ake barin kaurin ya wuce kai tsaye, a ɗora muryar katako a samansa? Yanzu yarinya a gidan haya tana koyon gita da abin kunne, jaririn maƙwabta yana barci. Yanzu ƙungiya guda tana hawa doki zuwa makiyayar bazara da kayan kiɗa a jaka biyu. Bai taɓa karɓar kuɗi ko som ɗaya a kan wannan ba.

Daga nan wani tunani ya kama shi. Ya ce akwatunan da iyayenmu makaɗa suka haɗa da hannunsu suna ruɓewa a rumbuna, wasu an riga an hura wuta da su. Muka shiga ƙauyuka, ni ina tuƙi, shi yana rungume da makirfo. Muryoyin akwatuna talatin da biyu muka ɗauka cikin shekara biyu, kowanne ya rubuta sunan wanda ya ƙera shi.

Na talatin da uku na Esenali ne. Kun san shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun hagu ya mutu. Na ce, "Baike, korar kare zai yi mana." Ya ce, "Ka tuƙa kawai."

Muka same shi a bakin ƙofa yana shan hantsi. Ya dube mu ya ce, "Saginbek, ka tsufa da muni." Saginbek ya ce, "Kai da shi aka haife ka. Ina akwatinka?" Esenali ya ce, "Yana wurin kaji. Su ma sun fi ka sanin kiɗa." Muka jawo akwatin daga akurki, duk kashin kaji, takardun sifikunsa biyu sun bushe kamar ganyen kaka. Waya ɗaya ta tsinke a ciki, dole Saginbek ya kwance bayan akwatin. Ina riƙe masa fitila. A jikin sifikar ƙasa na ga koren fenti, na ga tambarin dawakin gidansu. Na buɗe baki, ya take mini ƙafa. Ya ɗaura wayar, ya mayar da allon, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya.

Ya raɗa mini cewa takardar nan sau ɗaya za ta jure, in ta yage kafin sautin ya ƙare, muryar ta tafi har abada. Ya daɗe yana gyara zaman makirfo. Muka kori kaji, muka roƙi maƙwabci ya kashe injinsa. Ya saki sautin. Ban taɓa sanin daƙiƙa goma sha biyu suna da tsawo haka ba. Ya hau, ya hau, ya kai ƙarshe. Da Saginbek ya so ya maimaita don tabbatarwa, ana farawa takardar ta tsage. Amma na farkon ya zauna.

Ya zuba shi a fedar, ya sa wa Esenali abin kunne, ya ɗora masa gitata a cinya. Esenali ya ce, "Izgili ka zo yi mini? Da wane hannun?" Saginbek ya jawo kujera ya zauna a hagunsa, ya kama wuyan gitar da nasa hannun, ya ce, "Ni zan danna, kai ka kaɗa. Ka dai bi ni, kada ka yi gaggawar nan taka." Jama'a, na ga tsofaffi biyu da gita ɗaya. Ni ban ji komai ba sai ƙarar tsirkiya, don sautin yana kunnen Esenali shi kaɗai. A fuskarsa na ji waƙar. Hawaye yana bin gefen da ya shanye, hannun damansa kuwa yana tafiya kamar na ɗan shekara ashirin. Da suka tsaya ya ce, "Wannan ni ne." Saginbek ya ce, "Kai ne. Har kuskuren."

A mota ya ce mini, "Abin da ka gani a cikin akwatin nan, ba ka gani ba." Na riƙe har ya rasu. Da ba zan faɗa ba yau, sai dai jiya Esenali-baike, wanda ga shi nan a keken guragu kusa da liman, ya aika aka kira ni. Ya ce harshensa ya yi nauyi, in faɗa a madadinsa a gaban kowa: shi ya ɗauki sifikar, ya kuma san Saginbek ya gani, don yana kallon bayan Saginbek lokacin da hannunsa ya tsaya a cikin akwatin. Ya ce wata bakwai Saginbek yana zuwa duk Alhamis suna kiɗa, shi yana jiran Saginbek ya tayar da maganar, amma bai taɓa ba. Burulkan-jenge, yana neman gafararki da ta 'ya'yanki. Amsar taki ce, ba mai matsa miki. Amma na ga kin aika masa da shayi da hannunki ɗazu.

Seyil, Mederbek, ubanku bai bar muku garke ba. Ya bar muku suna wanda duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa da shi a kwarin nan za a buɗe. Ku riƙe mahaifiyarku. Mu kuma muna nan.

Muna godiya ga waɗanda suka haƙa kabari cikin ƙanƙara, da matan da suka tsaya kan tukwane, da duk wanda ya tako. Ya Allah, bawanka Saginbek ya ga laifin ɗan'uwansa da idonsa, ya mayar da murfi ya rufe. Ka rufe nasa kamar haka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya zuciyar iyalinsa, ka sa mu cika da imani. Malam liman, bismillah, a yi masa karatu.