Sai Ƙwayayen Sun Yi Ɗumi

A kasuwar Lahadi ta garin Geelong, wata mata ta tsaya a rumfar Merv, dattijo mai sayar da kayan sauti na hannu. Ta nuna wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sautin kiɗa, mai ƙwayaye irin na fitila.

"Baba, kunna min in ji."

"Na kunna. Irin wannan ba ta sakin murya sai ƙwayayen sun yi ɗumi."

"To yaya kasuwa?"

"Kasuwa ta mutu, 'yar nan. Tun bara amfilifayar take nan, ko tayi babu. Yaran yanzu sun toshe kunnuwa da waya, me suka sani?"

"Yau ka huta. Na saya, ba na neman ragi."

Merv ya gyara zama, ya yi tari.

"Af, ai nauyi gare ta."

"Da mota na zo."

"Ga cin wuta. Kuma ɓangaren hagu yana ɗan shaƙewa."

"Ikon Allah, mai kaya na kushe kayansa!" Ta yi dariya. "Matarka ce ta ce a fitar mata da ita daga falo, ko?"

"Wa ya gaya miki?"

"Haka na riƙa damun nawa mijin. Da ya rasu na sayar da tasa. Tun ranar gidan ya yi min tsit."

Merv ya dubi ƙwayayen, sun yi jajir. Ya jawo mata kujera, ya ɗora faifai.

"Zauna. Ba zan sayar ba, amma kowace Lahadi ina nan, kuma ji kyauta ne."