Damin Geron da Hedimasta Ya Mayar

A kan damin gero ɗaya garin su Muntaka suka yi asarar hedimastan kirki. A tashar Ɗambatta Muntaka yake ba wani baƙo labarin, suna jiran mota ta cika.

"Mutumin Gana ne, Mista Owusu. Shekarar fari ce, amma na saɓi dami na kai masa har gida. Wai shi ba ya karɓa."

"Ai yana da gaskiyarsa," in ji baƙon. "Na yi fatauci a wajensu. Shi gani yake in shugaba ya karɓi abin iyayen yara, ya ci hanci ke nan."

"Malam, mu a nan wanda ya mayar maka da kyauta ya ce kai ba kowa ba ne. Wa zai bi wanda ya raina shi?"

"Bai yi maka bayani ba?"

"Ya yi, da gurguwar Hausarsa. Wai in kai wa yarana su ci. A gaban mutane fa, kamar ya kira ni matsiyaci."

"To ba yunwar ake yi a gidan naka ba?"



"Ana yi mana. Ni na bi gida-gida aka dangwala yatsa a takardar ƙarar Owusu. Bayan wata biyu aka ɗauke shi daga garin."

"Wanda aka kawo fa?"

"Wannan har kaji yake karɓa, aji ne dai ba ya shiga. 'Yata Huseina ita ke zuwa ta ɗaya a hannun Owusu. Yau 'ya'yanta huɗu, ko sunanta a katin asibiti sai an nuna mata."